Shingen Aguwa a Tsakiyar Gonarmu

A garinmu, can gaba da Bagwai, ana iya kai mutum gaban mai gari saboda kunya ɗaya ta gona. Ba wasa nake yi ba. Gonakinmu a matse suke, ta wannan ta jingina da ta wancan, kuma duk damina sai an yi cacar baki a kan wane ya ci iyaka da garma. Na taɓa ganin dattawa biyu, surukan juna, sun daina gaisawa a kan wata 'yar tazara da akuya ma ba za ta iya kwanciya a cikinta ba. Amma a tsakiyar gonar gidanmu akwai wani fili mai faɗin ɗaki, kewaye da shingen aguwa, wanda fartanya ba ta shiga ba tun babana yana goye. Ko masu noma da shanu idan sun zo wajen sai su karkata garma su kewaye. Kakana ne a ciki.

Garinmu garin zinare ne a da. Tun zamanin Turawa aka gano shi a jikin tudun da ke gabas da gari, kuma da an gama girbi sai maza su ajiye lauje su ɗauki diga. Sukan haƙa rami kamar rijiya, idan sun tarar da farin dutse sai su karkata ta ƙarƙashin ƙasa suna binsa, a tsugune, da 'yar fitilar man gyaɗa. Ana jawo dutsen da guga, mata su daka shi a turamen dutse, sannan a kai rafi a wanke garin a akushi har sai ɗan abin da ake nema ya kwanta a gindi. Daga baya zinaren ya ja baya, mutane suka koma wa gero da gyaɗarsu, ramuka suka cike da shara da ƙasar damina. Mu da muka taso ba mu tarar da komai ba sai turamen nan, waɗanda kaji ke shan ruwa a ciki, da kuma sunan unguwar bakin rafi da har yau ake kira unguwar 'yan wanki ko da yake babu mai wankin komai a can sai tufafi.

Mutanen wancan lokaci suna da wata al'ada. Idan rami ya rufta da mutum aka yi iyakar ƙoƙari ba a kai gare shi ba, to liman yakan zo a yi masa salla a bakin ramin, a cike shi da ƙasa, a kewaye da aguwa. Daga ranar ya zama kabari. Ba a noma shi, ba a ɗaure dabba a kai, ba a sa shi cikin rabon gado. Haka aka yi wa kakana.

Gwaggo, yayar babana, ita ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga ranar. Tana 'yar ƙarama a lokacin, ita aka aika ta kai masa fura, ta tarar da mutane sun yi cirko-cirko a bakin rami. Yanzu ta tsufa tukuf, hakiya ta rufe mata ido, sai dai ta bambance haske da duhu. Ni take kira Uwata, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Duk shekara, a ƙarshen bazara kafin ruwan farko, takan sa a sassaro mata rassan aguwa daga dangar gida, ta ɗauki sandarta ta nufi gona ita kaɗai. Ba ta yarda a riƙe mata hannu. Ƙafarta ta san hanyar: ta bi burtali, ta wuce gawo, ta bi tsohuwar kunya har hannunta ya taɓa shinge. Daga nan sai ta bi shi tana lalube, inda ya yi giɓi ta soka sabon reshe. Idan ta gama sai ta zauna ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa wanda ke kwance kusa da ita hira. Takan yi mana tsiya wai ita kaɗai ce macen da ke zuwa gaida ubanta a duk garin nan, tunda mata ba sa shiga maƙabarta, ita kuwa nata uban a gona yake. Labarin ranar ma a wajen kaɗai take bayarwa. A gida ko ka yi mata magiya ba za ta buɗe baki ba.

To, ni kuma Allah ya yi ni da baki, ga saurin hawa. Tun ina yarinya Inna ke cewa idan aka taɓa ni sai unguwa ta sani. Na yi karatu, na zama malamar makaranta a Kano, aure ya zaunar da ni a Rijiyar Zaki. A ɗakin malamai akwai wata abokiyar aikina, 'yar cikin birni, wadda ba ta da aiki sai tsokanata. Ba da mugunta take yi ba, tsakani da Allah, wasa ne irin na birni da ƙauye, ni ma ina ramawa. Amma wata rana ana hirar tarihi, kowa na faɗin abin da garinsu ya shahara da shi, wannan ya ce rini, wancan ya ce malanta, sai ta juyo ta ce, "Ke kuma sai ki yi shiru, Malama. Ku me kuke da shi ban da gero da jakuna?"

Na ce, "Kakanninmu zinare suka haƙa, lokacin da naku ke zaune a zaure suna jiran a kawo musu."

Aka kwashe da dariya. Ta leƙo kunnena ta ce, "To ina naki ɗan kunnen? Wannan ai na roba ne."

Wallahi abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata. Na kwana na tashi da shi. Hutun da ya biyo baya ya zo daidai da ƙarshen bazara, na hau mota na tafi gida, kuma da Gwaggo ta ɗauki sandarta na bi ta a baya da wayata a hannu.

Ta gama dashenta ta zauna. Na ce, "Gwaggo, ba ni labarin nan." Ta fara, na ɗaga waya. Ban san yadda aka yi ta ji ba, sai ta tsaya ta ce, "Uwata, mene ne kike nuna ni da shi?"

Na ce, "Ɗauka nake yi, Gwaggo, don jikoki su ji daga bakinki."

Ta ce, "To, idan don yara ne."

Ta ba da labarin tsaf. Yadda mahaifinta ya fita da safe bayan ya ce wa mahaifiyarta yau sun kusa, yadda ƙwaryar fura ta suɓuce mata, yadda maza suka yi ta tono da hannu har farcensu ya yi jini, yadda liman ya ce a haƙura haka nan kada a ƙara rasa wani. Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma sai na ga labarin na tausayi ne kawai, ni kuwa ba tausayi na je nema ba, abin da zan rufe bakin 'yar birni na je nema. Na juya wayar na haska shingen, na haska tudun gabas, na haska gawo da burtali, na faɗi sunan garinmu, sannan na ƙara da bakina. Na ce tsofaffin mahaƙa suna cewa rami ba ya ruftawa sai an iso uwar zinaren, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake sa diga a nan, duk abin da kakana ya gani yana nan kwance. Maganar farko gaskiya ce, haka suke cewa, na sha ji. Ta biyun ni na ƙulla ta don ta yi daɗi.

Na tura a zauren malamai na waya. 'Yar birni ta ce ta sara mini. Wani ya ce in tura wa zauren 'yan garinmu mazauna Kano, na tura. Daga nan ban san inda ya bi ba. Mutanen da ban sani ba suka riƙa turo mini abina suna tambaya ko na ga wannan. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Har a biki an nuna ni an ce ga jikar masu zinare, na yi murmushi na gyara mayafi.

Damina ta wuce lafiya. Ana gama yankan gero sai Yaya ya kira ni. Shi ne babban wanmu, shi ke noma gonar tun rasuwar Baba, kuma mutum ne da ba ya kiran waya sai da dalili. Ya ce baƙi sun fara shigowa gari a kan babura, da diga da shebur da wani inji mai kamar faranti da ake shafa ƙasa da shi yana kuka. Na ce to, ai arziki ne ya zo gari.

Ya ce, "Da muryarki suke zuwa. Sai su tare ni a gona su kunna mini waya su ce, ga 'yar gidan ma ta faɗa da bakinta."

Duk da haka bakin nan nawa bai mutu ba. Na ce ai sai ya kore su, gonarsa ce, wa zai shiga gonar mutum da ƙarfi? Ya ce haka ne, ya kashe wayar.

Ya kuwa kore su. Sun lallashe shi, sun turo masa manya, sun ce za su bar shingen su haƙa gefe, ya ce ko taku ɗaya. Mai gari ya goya masa baya, liman ya yi magana a masallaci cewa wajen kabari ne. Sai dai na gaya muku yadda gonakinmu suke. Daga shingen zuwa iyakar maƙwabcinmu bai fi jifa da hannun hagu ba, shi kuma maƙwabcin gonarsa ta gaji, ga iyali, ya ba su izini su haƙa a tasa. Ban ga laifinsa sosai ba. Suka nutsa rami a gonarsa, suka karkata ta ƙasa, irin yadda kakanninmu suke yi, suka nufo ƙarƙashin tamu. A sama Yaya na zaune yana gadin aguwa, a ƙasa ana wucewa.

Wata safiya ƙasar ta zauna. Allah ya sa babu kowa a ciki. Rabin shingen ya nutse, sauran ya kwanta. Da mutane suka ga haka sai kunya ta kau, baƙi da 'yan gari kowa ya faɗa da shebur, har da yaran da Gwaggo ta yi wa wanka suna jarirai. Yaya shi kaɗai ba zai iya da su ba. Aka sare gawo aka tokare rami da shi, burtali ya ɓace a ƙarƙashin tsibin jar ƙasa, aka kafa injin niƙa dutse a bakin rafi yana ruri tun safe har magariba.

Na zo gida a fusace. Ko jakata ban ajiye ba na wuce gona, na tsaya a kan wani tsibi na fara zazzaga musu. Na kira su marasa tsoron Allah, masu tonon kabari, na ce Allah ya isa tsakaninmu da su. Wasu suka ɗago suka kalle ni suka ci gaba da aikinsu. Sai wani magidanci, jikinsa duk jar ƙasa, ya fito daga rami ya matso yana kallona, ya ce, "Hajiya, kamar na san muryar nan. Ke ce mai bayanin nan na waya?"

Na kawar da kai.

Ya ce, "Allah ya saka miki da alheri. Daga nesa muka zo, kuma ba don ke ba da ba mu san da wajen ba."

Da zagina ya yi da na san abin da zan ce masa. Na sauko daga kan tsibin ina jan ƙafa. Na tambaye shi ko sun ga wani abu a ƙasa, ƙashi ko tsumma ko akushi. Ya ce shi dai ƙasa ya gani da dutse, kuma hannu ya yi yawa, ba za a san wa ya kwashi me ba. Duk abin da aka fitar inji ake kai wa.

Ba su daɗe ba. Zinaren da suka samu bai taka kara ya karya ba, daga baya kuma hukuma ta zo ta hana, suka watse kamar yadda suka zo. Suka bar mana gona kamar ta yi agana, rami a nan, tsibi a can, tun daga tamu har ta maƙwabta uku. Ko tsinken aguwa ɗaya bai rage a tsaye ba. Ni da Yaya muka je da wayar, muka kunna abin da na ɗauka, muna gwada inda tudun gabas ya faɗo a bayan shinge ko za mu gane wajen. Ya ce nan ne, na ce kamar can ne. Muka matsa, tudun ya zauna daidai a nan ma. Gawon da za mu auna da shi babu, kunyar babu. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kewaye wajen da garma ya tsaya yana juye-juye a gonarsa kamar baƙo. Bai ce mini komai ba, kuma har yau bai ce ba.

Gwaggo kuwa babu wanda ya zauna ya gaya mata. Matan gida suka haɗa baki a kan a bar tsohuwa da hankalinta a kwance. Idan na je gaishe ta sai in yi ta surutun banza, labarin yara, tsadar kayan miya, in tashi da sauri. Ita ma ba ta tambaya. Na riƙa fatan kafin bazara ƙafarta ta hana ta fita. Ku ji irin fatan da mutum ke yi wa gwaggonsa idan ba shi da gaskiya.

Bazara ta zo, zafi ya yi zafi, hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa. Sai ga saƙo ta bakin Yaya: Gwaggo ta ce in zo. Na iso da hantsi na same ta a zaune a ƙofar ɗakinta, an riga an sassaro mata rassan aguwa an ɗaure da igiyar rama, farin ruwansu na ɗiga a ƙasa. Ta ce, "Uwata, ɗauki wannan ki biyo ni."

Muka fita. Tana gaba da sanda, ina baya da ɗaurin aguwa a ka. Har ƙarshen gari ba ta yi tuntuɓe ba. Inda burtali yake a da sai sandarta ta daki tsibi. Ta tsaya. Ta matsa hagu, sandar ta faɗa fanko, na yi wuf na riƙo ta. Karo na farko ke nan da na taɓa riƙe mata hannu a hanyar nan, kuma ba ta fizge ba. Na bi da ita tsakanin ramuka a hankali har muka kai wajen da ni da Yaya muka fi zato. Ta sake ni, ta miƙa hannu gaba tana lalube, daidai tsayin da shingen yake kaiwa. Ta juya dama ta lalubi iska, ta juya hagu.

Ta ce, "Nan ne?"

Na so in ce nan ne. Kalma biyu ce, kuma ba ta gani. Da ta zauna ta dasa abinta ta yi hirarta mun koma gida. Amma na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya a wajen nan, da na ce don jikoki ne.

Na ce, "Ban sani ba, Gwaggo. Ni da Yaya mun nema ba mu gane ba." Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Ni na jawo. Abin da na ɗauka ranar nan ne na watsa wa duniya, har na ƙara da abin da ba ki faɗa ba."

Ta ce, "Na sani. Ido ne ba ni da shi. Muryata da taki na riƙa ji suna wucewa ta bayan danga a aljihun mutane."

Na jira ta yi mini faɗa. Wallahi na so ta yi, ta zage ni tas, ta ɗaga sandar nan ta maka mini. Ba ta yi ba. Ta ce in tsayar da ita inda ƙasa ba za ta zauna da ita ba. Na gyara mata tsayuwa. Ba ta zauna ba wannan karon. Ta dogara sandarta, ta ɗaga kai, kuma matar da duk rayuwarta ƙasa-ƙasa take yi masa magana ta ɗaga murya yadda ake kiran wanda ke can ƙarshen gona. Ta yi sallama. Ta ce, "Baba, ni ce. Na zo kamar kullum, amma ban san inda kake ba." Ta yi masa addu'a tana juyawa kaɗan-kaɗan, gabas, kudu, yamma, arewa, don kada ta ba shi baya.

Da ta shafa na sauke ɗaurin aguwar na ce, "A ina za mu dasa?"

Ta ce, "Me za mu kewaye? Ɗauko abinki mu tafi."

Na mayar da shi ka. Ruwansa ya ɓata mini mayafi, tabon bai fita ba har yau. Ta juya za ta kama hanya kamar yadda ta saba, ta ɗaga sanda, sai ta tsaya da ita a sama ba ta sauke ba.

Ta ce, "Kawo hannunki, Uwata. Ban san hanyar gida daga nan ba."